Ɗiyar Akawal

Duk wanda ke da goɗiya tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san ƙofar gidan Maiwada, can bakin gari ta hanyar Morai. Ba don Maiwada ake zuwa ba, shi ma ya sani. Don Akawal ake zuwa, baƙin ingarman da ya rage masa daga cikin dawakin ubansa. Gonarsa ta daji ta gagari zuwa shekara uku ke nan, shanunsa an kora, dokin nan kaɗai ya rage da ake kiran sunansa da shi. Goɗiyar da Akawal ya hau takan haifi ɗa mai faɗin ƙirji, shi ya sa mutane ke yin sammako da goro da damin harawa su zo neman iri.

Dokoki biyu ya gada tare da dokin. Ba a mayar da goɗiyar da ta iso turke. Ba a kuma ɗora uba a kan 'yarsa. Bai taɓa rubuta komai ba, amma ka nuna masa doki a kasuwar Talata, zai gaya maka uwarsa da kakarsa.

Ran nan da hantsi yana jiƙa dusa da kanwa sai ya ji sallama. Mutum biyu ne, wani dogo a kan babur, da wani kakkaura janye da goɗiya. Kafin ya gama amsa sallamar ya gane ta. Goɗiyar Falalu ce, abokinsa na Gidan Goga, wanda mutanen daji suka ɗauke a gona tare da ita wata huɗu da suka wuce, har yau ko labarinsa babu. Kuma 'yar Akawal ce. A gaban idonsa aka yi barbarar uwarta.

Wanda ya zo da goɗiyar Falalu kuwa ba sai an tambaye shi daga ina yake ba. Maiwada ya ji tsoro, tsoro na gaske, domin ya san abin da idon mutanen nan ya gani ya so, tafiya yake yi. Ga Akawal can a turke yana haniniya, yana nuna kansa kamar an biya shi.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, an kwana lafiya, ya iyali, ya damina, kamar kowa bai san kowa ba. Sai dogon ya miƙo ƙullin goro.

"Maigida ya aiko mu. Iri shika so daga dokin ga naka."

Maiwada ya karɓi goron, don hannunsa ya riga shi yanke shawara. A ƙasar nan yanzu wanda ya gani cewa yake bai gani ba, shi ma ya ƙudura haka. Zai nemi dalilin da zai sallame su lami lafiya, ba tare da ya nuna ya san ta ba.

"Madalla," ya ce. "Sai dai a duba ko lokacinta ya yi. In ba ta neman doki, halbi za ta yi."

Ya sa aka tsayar da ita bayan guntuwar katangar da yake gwaji, ya jawo Akawal ta ɗaya gefen, yana addu'a a zuci ta yi harbi. Ina! Goɗiya ta tsaya cak, ta ɗaga wutsiya. Ko makaho ya san lokacinta ya yi.

"Jiya-jiya ya hau wata ta Bakura," in ji Maiwada. "Ƙarhinai bai komo ba tukuna."

Dogon ya dubi Akawal, wanda ke neman tsinke igiya, ya yi murmushi. "Wanga na marar ƙarhi? To muna jira. Ba mu da sauri."

Ya nemi gindin itacen bedi ya zauna, ya gyara babbar rigarsa a kan abin da ke rataye a kafaɗarsa. Maiwada bai ga abin ba, bai kuma so ya gani. Daga bakin zaure matarsa Maimunatu ta leƙo da kwanon ruwa, ta aje, ta tsare shi da ido. Shekara talatin suna tare, ya san abin da idon ke cewa: yi musu abin da suke so su tafi.

Ya tsaya yana murza igiya a hannu. Gaba kura, baya sayaki. In ya ƙi, sai ya faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne ya san goɗiyar. In ya yarda, ya yi abin da ubansa ya mutu bai yi ba. Ya tuna jikokinsa da ke cikin gida.

"A sa mata dabaibayi," ya ce.

Kakkauran ya ɗauki igiyar, ya zagaya ta hagunta, ya durƙusa dab da ƙafar baya. Maiwada ya ga kunnenta ya kwanta, ya ga cinyarta ta ɗaure.

"Kai! Tashi nan! Ba a zo mata ta hagu, idon ga bai gani tun tana ƙarama!"

Mutumin ya yi tsalle baya, kofato ya wuce ta inda kansa yake. Ya tsira. Amma maganar ta riga ta fita, kuma idon goɗiyar garau yake a kallo, babu mai sanin ba ya gani sai wanda ya san ranar da ƙaya ta soke shi. Hali ne ya yi magana, halin mutumin da ba ya iya kallon doki zai illata wani ya yi shiru. Baki shi ke yanka wuya.

Dogon ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa.

"Ashe ka san ta."

Maiwada ya ga babu sauran ɓoyo. Sai kuma, abin mamaki, ya ji wani sauƙi, irin na wanda ya sauke kaya.

"Na san ta. Ɗiyatai ta. Ba ni ɗora uba bisa ɗiya, ko mi za a yi."

Ya jira abin da zai biyo baya. Dogon bai ɗaga murya ba, dariya ma ya yi.

"Ai mai ita ya ce haka za ka ce."

"Wa?"

"Falalu mana. Shi ad da kiwon dawakin maigida. Da anka tambaye shi ina ingarma na ƙwarai yake, shi ya ce Maiwada na Mahwara. Shi kuma ya zaɓi wagga ya ce a kawo."

Maiwada ya dafa katanga. Falalu na da rai. Falalu ya fi kowa sanin 'yar wa ce, ya kuma san ba za a hau ta a gidan nan ba. Ba iri ya aiko nema ba. Mutumin da ba shi da waya ba shi da ɗan aike ya aiko da abin da abokinsa ba zai kasa ganewa ba. Hawaye suka cika masa ido, na murna da na haushi a haɗe, domin saƙon ya iso, amma ya nuna wa mutanen daji ƙofar Akawal.

"Tunda wagga ba ta yi," in ji dogon, "akwai wasu goɗiyoyi can. Sai dokin ya biyo mu."

Ba tambaya ba ce. Maiwada ya san ko ya ce e ko ya ce a'a, dokin ya tafi. Abu ɗaya ya rage masa, ya sa tafiyar ta zama ta wani amfani. Ya je da kansa ya kwance Akawal, ya shafa wuyansa, ya riƙe igiyar bai miƙa ba tukuna.

"Ku ce ma maigida na ba shi, ba aro ba, kyauta. Ya sako man Falalu. Matatai Marka na Maradun da ɗiya huɗu, kullum tana bakin hanya."

Dogon ya karɓi igiyar, ya dubi dokin tun daga kunne har kofato, ya gyaɗa kai kamar mai ciniki a kasuwa.

"Zan hwaɗa mai. Amma kai ma ka sani, Baba, doki irin wanga sai da wanda ya san hannunai. In mun saki Falalu, wa ka kula da shi?"

Suka kama hanya, babur a gaba a hankali, uba da 'ya a baya. Akawal bai ko waiwayo ba, hankalinsa na kan goɗiyar. Maiwada ya tsaya har suka sha kwana, goron mutanen na cikin aljihunsa. Maimunatu ta fito ta tsaya kusa da shi.

"Mi za ka ce ma Marka?" ta tambaya.

"Shina da rai," ya ce. "Sauran ba ni iya hwaɗa mata."