Ranar da Uwaisu Ya Shiga Rijiyar Gwaggo Mairo

Ƙungiyar Zumunta ta Furana ta girme ni. Iyayenmu ne suka kafa ta shekarar da amai da gudawa ya shigo gari, aka gane daga rijiyoyi yake. Tun daga nan kowane rani sai 'yan ƙungiya su bi gida-gida suna yasar rijiya, ba a biyan kowa, iyaka matan gida su dama kunu. Daga baya muka ƙara da gyaran kwalbati da ba da jini a asibiti, har muka ɗinka riguna masu suna a baya, muna yawo muna hura hanci.

Ƙa'ida ɗaya muka gada: kafin mutum ya sauka, sai an zura fitila har ƙasa. Mun riƙe ta gam, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga dalili. Mu a zatonmu don a hango maciji ne. Da kananzir ya yi tsada, fitilar ƙwai ta ɓace a kasuwa, sai muka koma zura tocila mai caji, har muna yabon kanmu wai ta fi haske.

Wata Asabar da hantsi muka je gidan Gwaggo Mairo, wadda rijiyarta ta daɗe rufe da langa-langa. Muka zura tocila, ba maciji. Ƙanena Uwaisu, mai mata da 'ya'ya biyu amma har yau ba ya jin magana, shi na ɗaura wa igiya a ƙugu ya sauka. Ni ne a kan igiyar. Yana turo bokitin taɓo yana tsokanata, wai in rage tuwo ko na samu rijiyar da za ta ɗauke ni.

Ana cikin haka sai ga Baba Mamuda ya dogaro sanda ya zo yi mana sannu. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma ciwon ƙafa ya daɗe da hana shi zuwa wurin aiki. Muka durƙusa muka gaishe shi. Idonsa ya faɗa kan tocilar, ya tambayi ina fitila. Ja'afar, shugabanmu, ya ɗaga masa ita da fara'a.

Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta sauya haka ba.

"Wuta ake zurawa, 'ya'yan nan," ya ce. "In ta mutu, iskar ƙasan ba ta shaƙuwa. Waye a ciki?"

Sai a lokacin na lura Uwaisu ya daina surutu. Na kira shi, shiru. Na leƙa, na hango shi zaune a taɓo, kansa ya langaɓe a jikin bango. Na ɗora ƙafa a bakin rijiya zan faɗa, Baba Mamuda ya maƙale wuyan rigata da hannu biyu, ya ce wallahi in na shiga gawa biyu za a fitar. Har na zabura zan ture shi, Allah Ya kiyaye.

Muka ja igiyar. Mutumin da ya suma nauyi gare shi, kuma kowane ja ina jin igiyar na gurzar dutse, ina tuna da nawa hannun na ƙulla ta. Gwaggo Mairo na gefe tana salati. Da ya fito leɓunansa sun yi baƙi, muka yayyafa ruwa, muka yi fifita, ko motsi.

Muka ɗora shi a mashin ɗin Zayyad, ɗan acaɓan ƙungiyarmu, na zauna a baya na rungume shi, muka nufi asibitin Ikara. Tafin hannuna na kan ƙirjinsa, amma girgizar hanya ta hana in tantance ko zuciyarsa nake ji ko tawa. Ban san me zan faɗa wa matarsa ba. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Mun hango rufin gidajen Ikara ke nan na ji an kama mini babban yatsa, kamu mara ƙarfi. Sai na fashe da kuka. Zayyad ya ji kukan, ya rage gudu, ya fara innalillahi.

Na ɗaka masa duka a baya. "Ƙara wuta, Zayyad. Da ransa."