Injin Feshin Bappa

Gaggawa ce ta ci Maikuɗi, ba tsutsa ba. Duk wanda ya ce muku tsutsa ce ta gama da lambunsa, bai san zancen ba.

Ranar tun da sassafe yana tsugune a bakin fangalin tumatir a fadamar Kwandiko, hannu ɗaya na birkita ganye, ɗayan na duba lokaci a waya. Tsutsa ta shiga. Ba ta yi yawa ba, amma ta shiga. Ga shi kuma ƙarfe goma sha ɗaya ana jiransa a Birnin Kudu, wurin taron manoman lambu, zai yi musu bayanin yadda ya shekara shida bai zuba takin buhu ko maganin kwalba a ƙasarsa ba. Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa ajiye masa kujera a gaban jama'a ba sai yau.

Dada, yayar mahaifinsa, wadda a hannunta ya koyi sana'ar, ta buɗe gangar da suka jiƙa ganyen darbejiya da tafarnuwa da barkono kwana uku. Ta ɗebo a bokiti, ta miƙa masa tsintsiya. Haka suke yi kullum, a tsoma a yarfa, a ɗaga ganye a yarfa ta ƙasa.

"Dada, fangali goma sha huɗu ne fa. Da tsintsiya sai azahar."

"To sai azahar ɗin. Ko ka bari sai yamma in ka dawo. Tsutsar ba mota gare ta ba."

"Bari in aro injin feshin Bappa. Yanzu mu gama."

"Zanen aro ba ya rufe katara," in ji Dada. Amma ƙeyarsa ta gaya wa, don ya riga ya tsallake kwalbati.

Bappa maƙwabcinsa ne, mai shanu da gonar masara, wanda Maikuɗi ke kwasar kashin shanunsa yana binnewa a rami har ya ruɓe. Da ya yi sallama, Sa'adiyya matar Bappa ta amsa daga ciki, ta ce maigidan ya kai shanu mashaya. Ya ce injin feshi ya zo aro.

"Yanzun nan zai dawo, Malam Maikuɗi. Ka ɗan jira shi, ni ban san aikin da ya yi da injin jiya ba."

"Haba, ni da Bappa har sai an jira? Ki ce masa na ɗauka."

Injin na rataye a zaure. Da ya saɓa shi a baya ya ji ruwa na motsi a ciki, ya ce a ransa ruwan ɗauraya ne. Matambayi ba ya ɓata, amma mai sauri ina ya ga lokacin tambaya? Ya tace ruwan darbejiya da tsumma ya cika injin, warin tafarnuwa ya danne kowane wari. Kafin Dada ta gama fangali biyu da tsintsiyarta, shi ya feshe goma sha biyu. Ya nufo nata.

"Tsaya nan," ta ce. "Waɗannan na gama su. Je ka ka yi wa'azinka."

Ya yi wanka, ya sa rigar Juma'a, ya hau acaɓa zuwa Gwaram, ya kama mota. Rana ta fito da ƙarfinta.

A wurin taro kuwa bakinsa ya buɗe. Ya ce ƙasa ake ciyarwa, ita ta ciyar da shuka. Ya ce ɗanyen taki wuta ne, sai ya yi wata uku a rami da toka da shara, ana juya shi, har ya yi baƙi ya daina wari. Ya ce kada a maimaita tumatir inda aka cire tumatir, a sa wake ko albasa ƙasa ta huta. Ya ce in ka tona fangalinka ba ka ga tana ba, to ƙasarka ba ta da lafiya.

Wani Yunusa, manomi daga Sundimina, ya ɗaga hannu. "Malam, in tsutsa ta zo fa? Sai mu ba ta haƙuri ta tafi?"

Aka yi dariya. Wayar Maikuɗi ta yi motsi a aljihu, ya danne ta.

"Kai za ka ba kanka haƙuri," ya ce. "Darbejiya na nan a ƙofar gidanka, kyauta. Haƙuri shi ne taki na farko a wannan sana'a. Wanda ba ya da shi, ya koma sayar da rake."

Aka tafa. Wayar ta sake motsi, ya sake danne ta. Daɗin tafi ya ɗebe shi, ya ce duk mai shakka ya zo Kwandiko ranar Asabar ya gani da idonsa, har dashe zai raba musu. Mutum ashirin suka ce suna tafe.

Sai da ya fito ya duba. Kira bakwai, duk na Bappa. Ya kira shi.

"Maikuɗi, ka zubar da na ciki? Ka wanke?"

"Wanke me?"

Bappa ya yi salati. "Maganin ƙone ciyawa ne. Jiya na haɗa shi da ƙarfi saboda gefen gona, ya ragu. Na zo lambun na tarar ka wuce."

A tasha mota ta ƙi cika. Maikuɗi ya shiga ya fito, ya zagaya ta, ya roƙi direba, direba ya ce saura mutum uku, shi ba ya tashi da iska. Wanda bai iya jiran Bappa na ɗan lokaci ba, ya jira fasinja awa biyu.

La'asar sakaliya ya isa. Tun daga nesa ya ga launin lambun ya sauya. Ganye ya yi laushi ya rataye kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, fure ya zube. Dada da Bappa sun yini suna kwara ruwa a kai, bai hana komai ba. A can gefe fangali biyu na tsaye kore shar.

Dada ba ta yi faɗa ba. Ta jingina tsintsiyarta da ganga, ta ɗaga yatsu, ta lissafa masa yana tsaye da rigar Juma'a.

"Tumatir fangali takwas, ya fara ɗaurin 'ya'ya. Attaruhu uku. Dashen da ka ce za ka raba, ɗaya. Goma sha biyu ke nan. Sai shekara shidan da kake faɗa wa mutane, ita ma ta tafi, bana za ka fara ƙirga ɗaya."

Ta naɗe yatsun, ta dube shi.

"Baƙinka na Asabar su nawa ne?"

"Ashirin," ya ce.