Ganyen da Inna Ke Nema

…wannan ma ba shi ba ne. Tana mayar da zanen ganyen cikin kwalinsa, tana jawo durowa ta gaba. Ta goma sha bakwai ke nan tun safe. Shekara ashirin da biyu tana kula da wannan laburare na jami'a — littattafan tsirrai, zanen ganye da na fure sun fi dubu tara — farfesoshi ma ita suke tambaya. To yau ita wa za ta tambaya?

Kwana shida Inna na kwance a asibiti, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Kalma ɗaya ta rage mata. Kunnen-maraya… kunnen-maraya… Ganye ne, wannan kam ta sani. Inna ce ta raɗa masa sunan, ita kaɗai ke kiransa haka, shi take dafa musu suna yara in zazzaɓi ya kayar da su. Likita ya ce ba maganin da zai yi, amma in an samu a kawo, ko riƙewa ta yi hankalinta ya kwanta. Ya ce kada a daɗe. Kada a daɗe — wato me?

"Ke da kike wuni cikin ganyaye," in ji Yaya jiya a ƙofar ɗakin marasa lafiya, "ganye ɗaya ya gagare ki?" Wai zolaya yake.

Nan komai da sunan Latin. Kowane zane da katinsa, da shekara, da wanda ya zana. Ba wanda ya rubuta yadda tsohuwa ke kiran abu a bayan ɗakinta. Mai faɗi ne? Siriri? Yana fure? Ɗacin kawai take tunawa, da tururin tukunya, da yadda ake toshe mata hanci a ɗura — takarda kuwa ina ta ga ɗaci? Bayan ɗakin ma an shafe shi da siminti, shaguna uku. Maƙwabciyar da za ta iya sani ta rasu bara.

Zo mana, 'yar boko, zo ki ga inda yake fitowa… Inna ce, shekarun baya, a tsugune gindin katanga, hannu duk ƙasa, tana ɗago wani abu kore. Ita kuma tana bakin ƙofa, littafi a cinya, gobe jarrabawa. Ina zuwa, Inna. Ina zuwa. Ta je? Ta ma ɗaga kai?

Ta saki durowar. In ba ta taɓa kallonsa ba, to me take nema tun shekaranjiya? Ko an shimfiɗa mata shi a gaba, da me za ta gane shi? Wataƙila ma ya riga ya bi ta hannunta, ta kaɗe masa ƙura, ta wuce…

Waya na ruri a aljihun rigarta — Yaya ya ce ba zai kira ba sai in wani abu ya faru a asibiti. Tana sulalewa ƙasa, ta jingina da durowar. Ruri… ta tsaya… ta sake.