Tsagar Ya Kellu

A shekarar da aka kayar da turakun lantarki, Maiduguri ta zauna a duhu, a shekarar ce Madu ya ga dama ya sayi injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta. Tsohon malamin lissafi ne a unguwar Maisandari, ko muciya bai taɓa ferewa ba. Amma yana da dalilinsa. Da suka gudo daga Bama, abin da ya rage musu na mahaifiyarsu, marigayiya Ya Kellu, hoto ɗaya ne na jikin katin zaɓe, shi ma ruwa ya ci rabinsa. Madu ya rantse sai ya fitar da fuskarta a kan katakon maɗaci kafin ta gama ɓacewa.

Aikin hawa biyu ne. Babban bakin injin ya fara kwashe tsokar katakon, sannan siririn baki ya bi ya goge. Kowane hawa sai manhaja ta zana wa injin hanyar da zai bi, a nan kuwa rigima ta tashi. Arinze, mai gyaran kwamfuta a Bulabulin, ya kafe cewa tasa manhajar ce ta iya, tana barin katako sumul kamar kumatun jariri. Madu ya liƙe wa wata ta kyauta, ba don komai ba sai don rubutunta manya ne, yana gani ba tabarau. Sati biyu suna musu, inji na gefe a lulluɓe. A ƙarshe suka raba aikin, ta Madu ta yi kwasar farko, ta Arinze ta yi guga.

Ranar aiki, garin nuna gwaninta, Madu ya juya hanyar injin. Maimakon ya bi a kwance, sai ya riƙa saukowa daga sama zuwa ƙasa. Awa uku janareta na tari. Da aka hure dusar katako fuska ta fito, amma duk layuka ne zara-zara daga goshi har haɓa. Arinze ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ai gonar gyaɗa ce. Kunya ta rufe Madu.

Suna cikin sauya wa injin baki sai ga Turai, yayar Madu, ta shigo yi musu faɗan ƙarar janareta. Ta kalli katakon, faɗan ya maƙale. Ta sa yatsa tana bin layukan kumatun ɗaya bayan ɗaya.

"Madu, a ina ka samo tsagarta? Ai ba ta fito a hoton ba."

Madu ya duba da kyau. Shekara bakwai yana kallon hoton nan, har ya manta uwarsa mai tsagar Barebari ce. Kewarta ta taso masa.

"Oga, saura guga fa," in ji Arinze. "Minti arba'in, duk layin nan zai tafi."

"Taɓa ka gani," in ji Turai, tana share ido da gefen mayafi.

Madu ya fita tsakar gida ya kashe janareta.