Itacen da Sabattis Ya Sara wa Ƙanwarsa

Kwandon bai saƙu ba a gaban 'yan makaranta, kuma Sabattis Lewey ya san ba zai saƙu ba tun ranar da ya sare itacen.

Tun rasuwar ubansu aikin a rabe yake a gidansu da ke ƙauyen Sipayik, a bakin teku. Shi ke shiga fadama ya zaɓi wikp, itacen kwando, ya ɗauko a kafaɗa, ya yi ta jibgarsa da ƙeyar gatari har ya tashi falle-falle. Ƙanwarsa Filomin ita ke saƙa. Ba ta taɓa kwance daminsa don ta duba ba. Abin da ya ɗaure ya miƙo, shi ke nan.

Da aka ce dole a riƙa koyar da tarihi da al'adun mutanensu Wabanaki, 'yan asalin ƙasar, a makarantu, sai makarantar garin da ke kusa, wadda yawancin yaranta 'ya'yan Turawa ne, ta gayyaci Filomin. Aka liƙa hotonta a bango. Shi kuwa Sabattis, da yake kai ta a motarsa, malamar ajin ba ta ma riƙe sunansa ba. "Direbanki" take cewa.

"Yaya, ka ga hoton? Na yi kyau ko?"

"Na gani. Kwandon ma ya yi kyau. Daga sama itacen ya faɗo miki, ai."

"Kai dai da baƙar magana! Wa zai liƙa fuskar nan taka a bango? So kake yara su daina zuwa makaranta?"

Ta yi ta dariya. Shi bai yi ba. Kafaɗarsa ta dama ta karkace saboda ɗaukar gungume, amma ita yara ke yi wa tafi.

Da ta ce tana son sabon dami, za ta nuna wa yara saƙa tun daga farko, bai nufi fadama ba. Tudu ya hau. Ya samu wani wikp da ya girma a busasshen wuri, cikin inuwa. Ya sassare gefensa ya duba, ya ga zobban shekarun da ke cikin itacen sirara kamar takarda. Irin wanda ubansu ke tofa wa yawu ya wuce. Shi ya sare.

Ranar darasi ya tsaya a bakin ƙofar aji da makullin mota a hannu. Filomin ta kwance damin. Yatsunta na sauka kan falle na farko ta tsaya cak. Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta lanƙwasa, ya ce ƙas! Ta ɗauki wani, shi ma ya karye. Yara suka fashe da dariya.

"Ashe kwandonsu karyewa yake!" in ji wani yaro daga baya.

Abin da Sabattis ya zo gani ke nan, amma bai ji daɗin da ya zata ba.

Filomin ta raba wa yaran guntayen. "Ku taɓa. Wannan shi ne mugun itace. Wanda ya san aiki ba ya sare irinsa."

"Wa ya saro miki, Malama Filomin?" malamar ta tambaya.

"Wani mutum ne. Ba ku san shi ba."

A mota, da suka hango teku, Filomin ta dube shi.

"Da kuskure ne, Yaya, da na yi maka tsiya mun yi dariya. Amma kai ba ka kuskure."

"Itace ne, yana yaudara."

"Bai taɓa yaudararka ba." Ta juya ga taga. "Malama na son a kawo mai dukan itace filin makaranta, yara su ga inda kwando ke farawa. Na ce mata ina da wa, babu kamarsa. Jira nake ranar ta matso in faɗa maka, don na san halinka da gardama. Gobe zan ce mata Noel Dana zai zo."

Noel, wanda a hannun Sabattis ya koyi riƙon gatari. Da ranar ta zo, shi yara suka kewaye, hotonsa aka liƙa kusa da nata, kuma damin da yake kawowa ta koma saƙawa.

Sabattis ya koma fadama ya saro mafi kyawun wikp da ya taɓa gani, ya jibge shi, ya ajiye mata a ƙofar ɗaki. Washegari ya tarar da damin a bayan motarsa, ɗaure yadda ya ɗaure shi.