Jirgin Marigayi Rostam

A ƙofar garken tumakinta suka yi cinikin. Ita tana zaune a kan buhun alkama, shi yana tsaye ya goya hannu a baya yana jan carbi, kamar wanda wucewa kawai ya zo yi.

"Kak Faraj, ba sayarwa zan yi ba," in ji Dada Gulcin. "Bar lalube aljihu, na san abin da ke ciki, taba ce da ashana. Ka ɗauke ni a jirgin ruwan nan sau ɗaya, ka kai ni tsakiyar tafkin Zirebar, ka dawo da ni. Daga nan ya zama naka."

Faraj ya leƙa cikin garken. Jirgin yana can kwance a kan itatuwa, an lulluɓe shi da darduma mai kyau, irin wadda ake shimfiɗa wa surukai. Jirgin Rostam ne, mijinta da ya rasu shekarun baya, kuma duk wanda ya taɓa jefa taru a tafkin nan ya san ba a ƙara sassaƙa irinsa ba. Faraj ya yi su kafaɗa da kafaɗa da Rostam tun suna samari. Nasa jirgin ya ruɓe tuntuni. Yanzu aiki yake yi wa wani ɗan garin Mariwan mai ba da hayar jiragen roba masu siffar agwagwa, waɗanda baƙi ke tuƙawa da ƙafa. Dattijo da furfurarsa, ya yini yana ɗaure wuyan agwagwa yana yi wa samari ihu su daina tsayuwa a ciki. In ya samu jirgin Rostam, ya zama mai kansa. Baƙin kirki sun fi son katako.

"Sau ɗaya tak?" ya tambaya. Ya san inda ciniki ya cika sauƙi, akwai abin da ba a faɗa ba.

"Sau ɗaya. Ɗana Shaho zai zo ya kwashe ni zuwa birnin Sina da an gama tsinkar inabi. Ya ce ba zai bar uwarsa ta ƙara yin sanyi ita kaɗai a ƙauye ba. Wai gidan sama, wai ruwan zafi a bango." Ta taɓe baki. "Ka san ku masuntan da, ba ku ɗaukar matanku, wai kifi zai gudu. Ban taɓa sa ƙafa a jirgin nan ba. Amma kullum Rostam yana ce mini, in ya juyo gida da yamma, kafin ya ga hasumiyar masallaci ni yake fara gani a kan soro. Ina so in ga abin da yake gani. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Kana so in ƙara maka tunkiya ne?"

Faraj ya ce Allah ya sa albarka, da sauri, kafin ta sake shawara.

Murnarsa ba ta kai la'asar ba. Da ya yaye dardumar, katakon yana ƙyalli, don matar nan mai take shafa masa kamar jariri. Amma da ya durƙusa ya duba ta ƙasa, sai ya ga hasken rana yana ratsowa tsakanin allunan, layi-layi. Ya sa ɗan yatsa a wata tsaga, ya wuce har gaɓa.

"Dada, tun yaushe rabonsa da ruwa?"

"Tun ranar da aka kai mai shi. Na sa aka jawo mini shi nan. Ko ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba."

Ta faɗa tana alfahari. Faraj ya cire rawaninsa, ya sosa ƙeya, ya mayar.

"To ai kin mayar da shi kwando. Ba a ɓoye jirgi a inuwa. Ya bushe, ya tsuke. In na ɗora ki a haka, kafin mu wuce kacalla muna gaisawa da kifi."

"Ka liƙe shi da kwalta mana."

"Kwalta ba ta rufe wannan. Sai an nutsar da shi. A cika shi da duwatsu, a bar shi a ƙasan ruwa ya sha ya ƙoshi, katako ya kumbura ya haɗe bakinsa da kansa."

Dada Gulcin ta miƙe, ta tsaya tsakaninsa da jirgin. Ba ta kai masa kafaɗa ba, amma ya ja da baya.

"A nutsar da shi? Kamar mushen jaki? Faraj ɗan Hama-Amin, ruwan nan ne ya shiga ƙashin mijina ya ƙi fita. Da hannuna nake gasa masa gwiwa, yana tari har ya kasa cewa amin. Shi ban iya raba shi da ruwan ba. Wannan na raba shi. Yanzu ka zo ka ce in mayar?"

Faraj mutum ne mai amsa a baki. Ya taɓa sayar wa ɗan birni kifin jiya da rantsuwar yau. Amma nan sai ya koma gefe. Ya zauna a kan dutsen niƙa, ya naɗa taba, bai kunna ba.

"Dada," ya ce can, "ba sanyi yake ji ba. Ƙishirwa yake ji. Ki sa kunne in dare ya yi, za ki ji yana ƙara."

Ta san ƙarar. Ta daɗe tana jin ta.

Ba ta ce masa e ba. Washegari dai da ya zo da maƙwabta don a ja jirgin zuwa gaɓa, ya tarar ta riga shi. Ta tara duwatsu a bakin ruwa, masu santsi, babu mai kaifi ko ɗaya, ta wanke su tas. Ita ta riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya tana cewa ya ajiye a hankali, ba jifa aka ce ya yi ba. Ruwa ya shigo ta kowace tsaga. Jirgin ya yi ƙasa sannu-sannu, har ya rage hancinsa kaɗai a waje. Ta juya baya a lokacin, ta ce hayaƙin tabar wani ne ya shiga mata ido. Babu mai shan taba a wurin.

Daga ranar ta mayar da bakin ruwan gidanta. Takan zo da butar shayi da ƙwayoyin sukari a ƙulle a gefen mayafi, ta zauna tana gadin hancin jirgi. In Faraj ya tashi daga wajen agwaginsa, sai ya biyo.

"Ya ƙoshi?"

"Da saura."

"Kai dai ka ce shayina kake so."

"Shayin nan? Na sha wanda ya fi shi a kurkuku."

"To ajiye kofin."

Bai ajiye ba.

Ana cikin haka motocin inabi suka fara gangarowa daga kan duwatsu. Shaho ya aiko cewa yana nan tafe ranar Juma'a. Faraj ya so a ƙara wa jirgin kwanaki, amma babu hali. Suka kwashe duwatsun, suka tayar da shi. Ya yi baƙi, ya yi nauyi, tsagogin sun haɗe sai 'yan kaɗan. Ya cusa musu auduga, ya bi da kwalta mai zafi.

Ranar Alhamis da la'asar ta fito cikin rigar bikinta, mai dogon hannu har ƙasa, ta ɗaure hannuwan a baya. Ya riƙe mata jirgin. Ta yi bismilla, ta shiga da ƙafar dama, ta zauna ta ƙanƙame gefe biyu.

"Yana rawa!"

"Haka yake gaisuwa. Riƙe wannan." Ya miƙa mata kwanon jan ƙarfe. "Yana ɗan yoyo. Duk abin da ya shigo, ki mayar masa."

"Au, har da aikatau a cikin cinikin?"

Suka kutsa ta cikin kacalla, ciyawar tana goga musu kafaɗa, kajin ruwa suna tashi a gabansu. Sai tafkin ya buɗe. Duwatsu sun kewaye shi, bishiyoyin kansu sun fara ja, ga su kuma a kife a cikin ruwan. Dada Gulcin ta manta da tsoro. Ta saki gefe ɗaya, ta tsoma hannu. Da suka bi ta kan wani idon ruwa, inda yake tafasowa daga ƙasa da sanyi, ta ɗiba ta sha, ta wanke fuska, ta ce ashe haka mutanen nan suke jin daɗinsu suna dawowa gida suna nishi.

Faraj ya kai ta tsakiya, ya juya hancin jirgin ya fuskanci ƙauye, a kan hanyar da duk masunci yake bi in zai koma.

"Ga ƙauyenki nan."

Ta kare ido da tafin hannu. "Na shimfiɗa jan bargona a kan soro da safe, don kar in yi ta lalube. Ina yake?"

Ga hasumiya. Ga gidajen sama-sama, kowane soro tsakar gidan na bisansa. Amma unguwarsu tana bayan kafaɗar dutse, ko hayaƙinta ba a gani. Faraj ya matsa dama, ya matsa hagu. Babu ja ko na ƙwayar rumman. Shi kansa bai taɓa lura ba, don bai taɓa neman soron kowa daga ruwa ba.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauke hannun.

"Ba komai," ta ce. "Namiji ne. Ya faɗi abin da zai sa a ɗumama masa miya." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. "Mayar da ni, Kak Faraj. Ka cika alkawari. Jirgi naka ne."

Ta ɗauki kwanon ta ci gaba da kwarfe ruwa, ba ta ƙara ɗaga kai ba.

To, jirgi ya samu. Hanya ga ta miƙe, iska tana bayansa. Faraj ya ja filafili sau biyu, uku, ya ji abin bai yi masa daɗi a baki ba. Rostam yana da aibunsa, ga rowar taba, ga gardama, amma bai iya ƙarya ba, shi ya sa ma bai yi arziki ba. Can sai wani abu ya faɗo masa. Rostam ba ya bin su in an tashi. Kowa ya miƙe gida, shi sai ya karkata kudu, ya zaga ta wajen wani tsiri mai duwatsu da ya kutso cikin ruwa, wai zai duba tarun da ya kafa. Wurin ba kifi, ko kwaɗo ba ya zama. Sun yi masa tsiya har sun gaji.

Bai gaya mata ba. In aka je can ma babu, ya yanka ta sau biyu ke nan. Ya dai juya jirgin.

"Ina kuma za ka?"

"Iska ta sauya. Sai mun zaga."

"Wace iska? Ga ta nan tana tura mu gida! Tsufa ya taɓa ka, Faraj."

"Ke dai kwarfe ruwanki, Dada. Ban koya miki gasa gurasa ba."

Yanzu iskar a fuska take dukansa. Jirgin da ya sha ruwa ya ƙoshi nauyi ne da shi kamar saniya. Bayansa ya fara kuka, tafin hannunsa da ya yi laushi a hidimar agwagi ya ɗuri ruwa. Yoyon ya ƙaru, gefen rigar bikin ya jiƙe, tana kwarfewa tana ambaton kakanninsa. Shi kuwa yana ja yana cewa a ransa, Rostam, in ka kunyata ni, wallahi ko fatiha ba ka ƙara samu daga bakina.

Suna zagaye tsirin, kafaɗar dutsen nan ta ja gefe kamar an buɗe labule. Wata 'yar tsaga ta bayyana tsakaninta da tudun maƙabarta, kuma a cikin tsagar soro ɗaya ne tak, rana ta faɗa a kansa, ga ja yana ci kamar garwashi. Hasumiya ba ta fito ba tukuna.

Faraj ya ɗaga filafilan. Numfashi ma da ƙyar yake yi.

Kwanon ya suɓuce mata ya faɗa cikin jirgi.

"Nan yake biyowa?"

"Kullum. Ya ce mana taru yake dubawa."

"Akwai kifi a nan?"

"Ko ɗaya."

Ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Kafaɗunta suna rawa, bai san ko kuka ba ne ko dariya, sai da ta yi magana ya gane duka biyun ne.

"Ja'irin tsoho! Shi ya sa kullum shi ne na ƙarshen dawowa! Mazan mutane sun ci sun wanke hannu, ni ina tsaye a kan soro ina leƙe, miya ta huce, ya shigo in wanke shi tas. Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ashe dai..." Ba ta ƙarasa ba.

Faraj ya riƙe jirgin a wurin da ɗan motsin filafili, don taki kaɗan gaba ko baya, tsagar ta rufe. Ruwa ya kai musu idon sawu, ba wanda ya kula. Sai da rana ta sauka daga kan soron, jan ya dushe, sannan ta share fuska ta ɗauki kwanon.

"To, mu je. Kar mu nutse a gaban gidana, a yi mana dariya."

Ranar Juma'a Shaho ya zo ya tafi da uwarsa. A gidan shayi aka yi ta cewa Faraj ya ci bulus, ya karɓe jirgi sukutum a hannun tsohuwa da yawon la'asar ɗaya. Shi da ya kwana biyu yana sallah a zaune saboda baya bai musa ba. Jirgi dai ya samu, ya kuma yi sallama da agwagi. Ita ma ba ta faɗi ba, don abin da ta tafi da shi Sina ya fi katako. In akwai wanda ya yi asara a cinikin nan, marigayi Rostam ne. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure fuska a cikin maza, yana fakewa da tarun da babu shi, ga shi yanzu duk mai shan shayi a ƙauyen ya san matarsa yake zuwa kallo.