Baba Ya Ƙi Saukowa

Lokacin da Baba ke da ƙarfinsa, ba wanda ya taɓa kiran halinsa taurin kai. Jajircewa ake cewa, har da jinjina. Shi ne kafintan da ba ya sauka daga rufi sai ya buga ƙusar ƙarshe, ko da hadari ya haɗo. Yanzu da ya haura saba'in, likita ya hana shi hawa sama saboda hawan jini, sai halin nan dai ya koma kafiya a bakin 'ya'yan da ya ciyar da su albarkacinsa. Shi kuwa ko a jikinsa.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ita ke fama da shi. Ta ɓoye guduma, ya aro ta maƙwabta. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kai ƙara wurin ƙaninsa, duk a banza.

Ran nan iska ta ɗaga kwano ɗaya a rufin ɗakin girki. Kafin ta dawo daga cefane, Baba ya jingina tsani ya haye, ba takalmi, ƙusoshi a baki kamar yadda ya saba. Ta tarar da shi zaune can sama, ya ajiye guduma, ya ƙanƙame katako da hannu biyu. Idonsa a rufe.

"Baba, jiri ne?"

Ya tofar da ƙusoshin a kan kwano. "Wane irin jiri? Aikin nake dubawa."

"Da ido a rufe? Bari in kira maƙwabcinmu mai walda ya sauko da kai."

"Uwata, in kika sa wani ya sauko da ni kamar buhu, ban yafe miki ba."

Ta san ba wasa yake ba. Ta je ta riƙe tsanin, rana na ƙara dukan kwano, tana jin numfashinsa sama-sama. Ga tsoro, ga haushi, ga tausayi, ta rasa inda za ta sa kanta.

Can sai mai walda ya leƙo ta ƙofa. "Lafiya dai? Na ga Baba ya daɗe a sama. In hau ne?"

Ta ɗaga kai. Baba ya buɗe ido ya dube ta. Tunda take ba ta taɓa ganin roƙo a fuskarsa ba sai yau.

"Lafiya lau," ta ce. "Aiki yake dubawa."

Mai walda ya koma shagonsa. Ita kuwa ta ci gaba da riƙon tsanin, hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa.